Ranar da Na Yi wa Surukina Burga da Kati

Daga unguwarmu Longsight na tafi unguwar Erdington gaida mahaifin Rahila, wadda nake nema da aure. Bayan abinci ya ce mu buga wasan kati na poka, ni da shi, gyaɗa ce kuɗin. Ni kuwa gwani ne, a waya.

Katina ba komai, amma maimakon in bi abin da ya zuba, sai na tura gyaɗata duka, wai ya ɗauka katina mai ƙarfi ne ya tsorata. Ya kafe ni da ido.

Ya ce, "Na bi. Buɗe."

Na buɗe. Ya yi wa katin wani kallo, har na ɗauka an fasa auren.

Sai ya ce, "Ashe ka iya ƙarya ba ko ƙifta ido."

Har yau, ko "ina hanya" na ce, sai Baban Rahila ya ce, "Buɗe katin mu gani."