Mudi da Ƙofar Kashi na Uku

Kande ce ta fara gaya mini, Kanden da ke buga tafireta a ofishin su Mudi a da. Ranar Asabar da la'asar ta faɗo gidana, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta dafa bango tana dariya, mayafi na zamewa. Na ce, "Ke, lafiya?" Ta ce, "Yaya Abu, ƙaninki! Ba ni ruwa tukuna."

Mudi ƙanina ne, ciki ɗaya, ni na goye shi, kuma ina sonsa har raina. Amma Allah ya yi shi da baki. Tun da ya fara magana bai taɓa cewa "ban sani ba". Ka ce ka je Legas, ya ce shi ya fara nuna wa direbobi hanyar. Likita ya rubuta maka magani, ya ce da ma abin da zai faɗa ke nan. Shekara sittin da uku, furfura har cikin kunne, bai rage komai ba.

To, kusan shekaru talatin da suka wuce, an kawo wa ofishinsu kwamfuta guda ɗaya, mai ƙaton ƙeya kamar tulu. Wani abokin aikinsu, Malam Tsalha, ya sayo faifan wani wasa a kasuwa. Sunan Turancin ya yi musu nauyi a baki, sai suka sa masa Tsibirin Makullai. Ni dai ban san kansa ba, amma Kande ta ce ba harbi, ba gudu, ba kowa. Kai kaɗai a tsibiri, ka ja wannan ƙarfe, ka murɗa wancan famfo, ka ƙirga tagogi, wai don wata ƙofa ta buɗe. Ta buɗe, ka tarar da wata ƙofar. Na ce wannan ai wahala ce aka sa wa kwalliya. Ta ce daɗin ke nan. Kashi biyar aka yi na wasan, kuma su uku suka haukace a kansa: Tsalha, da Alhaji Nadabo, da ita Kande. Da an tashi aiki sai su zagaye kwamfuta, Tsalha na zana komai a wani littafi.

Faifan kashi na uku yana da wata cuta: ba ya riƙe inda aka tsaya. Kwamfuta na mutuwa, an koma farko. Sai suka yanke shawara ba za a kashe ta ba sam. Kwana goma sha ɗaya tana kunne, suna addu'a kada a ɗauke wuta, har suka kai ƙofar ƙarshe ranar wata Juma'a. Ita wannan ƙofar sai wani tanki ya cika da ruwa take ɗagawa, ruwan kuwa ɗis-ɗis yake zuba. Maza suka tafi masallaci, Kande ta leƙa gida. Suka dawo da gudu, suka tarar da fuskar kwamfuta baƙi ƙirin, an zare wayarta daga soket ɗaya tilo da ke ɗakin. Suka sake sa faifan, ya ce bai san zancen ba. Har yau ba wanda ya ga bayan ƙofar nan, don ko da wayoyin zamani suka zo, Tsalha ya sa sun yi alkawari ba za su leƙa ƙarshen wasan a waya ba, ya ce satar amsa ce. Nadabo ne ya fita ƙarshe ranar, sai laifin ya hau kansa. Ya rantse, ya sake rantsewa, a banza. Shekara ashirin da shida Tsalha na gaishe shi da "Ina kwana, mai zare waya?"

Bana Allah ya yi wa Tsalha rasuwa. Ashe da ofis ya yi gwanjon tsofaffin kaya shi ya sayi kwamfutar, ya adana ta da faifan nan biyar da littafin. Bayan sadakar arba'in matarsa Hajiya Uwani ta ce abokansa su zo ranar Asabar, ta ba wanda ya fi son wasan.

Mudi na jin haka ya ce kwamfutar tasa ce. Mudi, wanda Kande ta ce iyakar aikinsa ya tsaya bayansu yana cin gyaɗa yana cewa "Da ni ne da tuni na buɗe." Ya sanar da majalisarsa kaf. Ya sa kafinta ya yi masa tebur mai aljihu biyu, ya ajiye a tsakiyar falo, har da ƙyalle mai ado. Mako guda yana duƙe a kan waya yana haddace abin da mutanen duniya suka faɗa kan wasan. Na ce, "Mudi, ka taɓa yin wasan nan kuwa?" Ya ce, "Yaya, ke dai ki zo ki sha kallo ranar Lahadi."

Asabar suka hallara a zauren marigayi. Ga kwamfuta an goge mata ƙura. Hajiya Uwani na bakin ƙofa a kan tabarma. Ba a yi minti biyar ba tsohuwar gardama ta tashi.

Nadabo ya ce, "Kashi na biyu shi ne wasa. Sauran duk ƙannensa ne."

Kande ta ce, "Na biyu? Wanda ka yi wata guda kana zagaya rijiya ɗaya kamar ɗan akuyar da aka ɗaure?"

"Tunani nake yi!"

"Barci kake yi, Alhaji. Ina jin minsharinka. Na ɗaya ya fi, ba yawan surutu."

"To na huɗu fa?"

"Kada ka ɓata mini rai. Na huɗu ko kyauta aka ba ni sai an haɗa mini da haƙuri. Sun cika shi da mutane masu magana, kowa da dogon bayani kamar taron iyayen yara."

"Na biyar kuwa, wanda ya yi shi yunwa yake ji."

Nan Mudi ya gyara zaman hula, ya yi gyaran murya. "Hmm. Ina jinku. Kuna ƙoƙari." Ya ɗaga yatsa sama. "Amma ku kun yi wasa ne, ni kuwa na fahimci wasa. Akwai bambanci. Kashi na uku shi ne ƙololuwa. Masana sun yi ittifaƙi."

Kande ta ce, "Su wa?"

"Masana. Ba ki san su ba."

"Yaushe ka yi shi, Mudi? Mu dai a bayanmu muka san ka da ɓawon gyaɗa."

"Lokacin da kuke fita cin abinci. A wannan kwamfutar, da wannan hannun. Ba na son nuna kai ne kawai."

Kande ta ce da ya faɗi haka sai da Nadabo ya ƙware da ruwa.

Mudi bai kula ba, ya lumshe ido, ya dafa ƙirji. "Abin da ya fi kashe ni shi ne kiɗan. Wayyo, kiɗan kashi na uku! In ka shiga kogon nan, sarewa ta taso a hankali, fiii, ga ƙarar teku a bayanta, shaaa. Ina zaune ni kaɗai a ofis hawaye na zuba. Har yau yana kunnena."



Nadabo ya dubi Kande. Kande ta dubi kwamfuta. Ta ce, "Mudi, a wannan ka ji sarewa?"

"Da kunnena."

"Wannan da ko tari ba ta taɓa yi ba? Ba ta da lasifika, bawan Allah! An kawo ta bebiya, ta yi ritaya bebiya. Shekara shida muna wasan nan, ba abin da muke ji sai fankar cikinta da taunar gyaɗarka."

Nadabo ya ce, "Ƙila shi kaɗai take yi wa waƙa. Masana ai daban suke."

Hajiya Uwani ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

Gumi ya karyo wa Mudi. Mai hankali da nan ya ce wasa yake yi, a yi dariya a wuce. Amma ina! Tebur na jira a falo, majalisa na jira a bakin titi.

Kande ta ce, "Faɗi gaskiya, a waya ka kwaso."

Ya miƙe zumbur. "Waya? Ni? To bari ku ji! Duk cikinku wa ya ga bayan ƙofar ƙarshe? Ke kin gani? Alhaji, ka gani? Ko marigayi bai gani ba! Ni na gani! Ranar Juma'ar nan ina tsaye gabanta tankin ya cika, ƙofar ta ɗaga a hankali, ga wani ɗaki zagayayye, ga kujera a tsakiya, ga haske na saukowa ta sama. Sai da na ƙare mata kallo tsaf, sannan na zare na sa hita..."

Ya kama bakinsa da hannu biyu. Amma magana ta riga ta fita.

Kande ta ce ba ta taɓa ganin Nadabo ya tashi tsaye ba tare da ya dafa gwiwa ba sai ranar. "Ka zare ka sa me?"

"A'a, wato, Alhaji, abin da nake nufi..."

"Shekara ashirin da shida! Mutumin nan ya tafi kabari yana ce mini mai zare waya! Har a ɗaurin auren 'yata ya faɗa a gaban surukai! Kana wurin, Mudi! Ka fi kowa dariya!"

Kande ta ce, "Tsaya, Alhaji, akwai saura. Ranar nan ba shi ya ce mana a sahun farko ya yi salla ba? Har yana ba mu labarin huɗuba?"

Nadabo ya ce, "Ashe ita ma huɗubar a wurin masana ya ji!"

Hajiya Uwani ta share hawayen dariya, ta yi wa mijinta addu'a, ta ce, "Alhaji Nadabo, ɗauki kwamfutar, ka sha wuya a kanta. Kande, littafin naki ne." Sai ta dubi Mudi. "Kai kuma Malam Mudi, don Allah matsa daga jikin bangon nan. Firjina a wannan soket ɗin yake."

Ya fita ko sallama babu, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma da Kande ta tafi sai zuciyata ta karye. Ƙanina ne. Na san yadda kunnensa ke yin ja in ya ji kunya tun yana rarrafe.

Washegari da sassafe na dama kunun tsamiya, na sayi ƙosai mai zafi, na tafi gidansa. Matarsa ta ce wai zazzaɓi yake yi. Na shiga na same shi ƙudundune cikin bargo, fuska a bango. Na yaye bargon.

"Tashi ka sha. Ba zazzaɓin da ke kama maƙaryaci ranar Lahadi kaɗai."

Ya tashi, ya karɓi kofi, bai dube ni ba. Na bar shi ya ci ƙosai uku. Na ce in ya gama zai sa riga mu je gidan Nadabo ya ba shi haƙuri, ni zan riƙe masa hannu in ƙafarsa ta ƙi. Ya gyaɗa kai.

Na ce, "Amma abu ɗaya ya hana ni sukuni. Ka bar sallar Juma'a, ka kashe wa mutane wahalar kwana goma sha ɗaya, ka bar bawan Allah da baƙin suna. Me ka dafa da hitar nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Ƙwai."

"Nawa?"

"Ɗaya."

"To, ya yi daɗi dai ko?"

Ya daɗe yana juya cokali a cikin kunu.

"Yaya, da na fasa, baragurbi ne."