Tayar da Ba Ta San Ƙusa Ba

Allah ya yi wa Manaja baiwa, shi kuma bai taɓa ɓoye ta ba. A ofis ana kiransa Sha-Yabo, ya ɗauka sarauta ce. Babbar baiwarsa tayoyin motarsa ne, irin waɗanda ko ƙusa ta huda su sai su ci gaba da tafiya. Ko gaisuwar mara lafiya ya je, sai ya san yadda ya sako zancensu.

"Ni da ɗaukar safaya?" yakan ce. "Ai wannan aikin matsorata ne."

Da tayoyin suka cinye, ya ji farashin sababbi, sai gwanin namu ya sha jinin jikinsa. Ya sulale wurin wani mai faci da bai san shi ba, aka ɗaura masa irin na kowa da kowa.

"Yallaɓai," in ji mai faci, "motar nan ba safaya, ba jak. Waɗannan kuwa in suka sace, sun sace."

"Ka san da wa kake magana?"

Sayen safaya ai tonon asiri ne, don haka bai saya ba, cika baki kuma bai ragu ba.

Ran nan surukinsa, tsohon direban babbar mota, zai yi tafiya ta jirgi. Manaja ya rantse shi zai kai shi filin jirgi, don tsohon ya daina yi masa kallon gangar da ba komai cikinta. "Baba, bar akwalar nan taka ta huta. Yau za ka ga ci gaba." Tsoho ya zagaya motar, ya ɗan bugi taya da ƙafa, sannan ya shiga.

Ana tsakiyar hanya ƙusa ta yi aikinta. Manaja ya ƙi tsayawa.

"Kada ka damu, Baba, haka aka ƙera ta."

Roba ta yage, ƙarfe ya kama kwalta yana kuka, har mota ta durƙusa da kanta. Manaja ya fito yana gumi, yana zagin masu gyaran titi.

Sai ga akwalar tsohon ta tsaya a bayansu, matar Manaja ce ke tuƙi.

"Shekara talatin ina bugun taya, ɗana," in ji tsoho. "Tun a gida na ce mata ta biyo mu. Shigo, akwai wuri a baya, kusa da safaya."