Yadda Za Ka Sayi Rana a Tasawa

Kai mai biro, wato ofis, da takalmi sau-ciki, matso. In ka bi matakan nan, na lamunce maka iyalinka za su samu bitamin D ba tare da rana ta taɓa su ba. A gidan yayata Zuhura na koya, wajen mijinta Mushe Mahaman, Mushe irin na Faransanci, wato Malam.

1. Rufe tsakar gida

Sa kwanon rufi ka rufe shi ruf, kar ka bar ko tafin hannu. Rana ta manoman ƙauyen Hawandawaki ce, ga shi bana har geronsu ta ƙone. Bayan shekara biyu ƙasusuwan matarka za su fara ciwo, ta koma sallah a zaune. Alamar ci gaba ke nan.

2. Gyara maganar likita

Zai ce, "Ta riƙa shan hantsi." Kar ka yarda, abin kyauta bai dace da kai ba. Tambayi sunan hasken da Faransanci. Ultraviolet ne, bande étroite, wato siririn. Maimaita shi a majalisa har a daina gaishe ka.

3. Nemo fitila mai wannan hasken

Soja sun karɓi mulki, iyaka a rufe. Ba komai. Ba Gazali ɗan sumoga saƙo, zai kawo maka wata shuɗiya ta hanyar daji. In ta riƙa yin ƙas-ƙas, kar ka damu. Da na ce, "Mushe, wannan ai ta kashe sauro ce," cewa ya yi, "Ke da ba ki gama lakwal ba?" Gaskiyarsa, ban gama makaranta ba. A wayar Yaya na karanta.

4. Nemo wuta

Kuran, wato lantarki, ya ɗauke tun watan jiya. Sayi farantin sola. Shi zai sha rana a saman kwano, ya mai da ta wuta, fitila ta mai da wutar rana. Ilimi ke nan, ba kowa ke ganewa ba.

5. Kar ka hau sama

Mai haɗa waya zai cire fallen kwano guda don ya zura igiya. In ƙanwar matarka ta miƙa masa fura suka yi ƙus-ƙus, ba ruwanka, wuce biro. Zai manta bai mayar ba. Kullum da hantsi haske zai faɗo daidai tabarma guda.

"Yaya, matso nan."

"Ke Zara'u, in ya gani fa?"

"Mai babban muƙami bai ɗaga kai."

6. Karɓi yabo

Bayan wata huɗu, ranar Juma'a, Yaya ta yi raka'a huɗu a tsaye, ta sallame tana kuka. Tara abokanka ka nuna musu fitilar. Sauro ma ya ragu.

Ni dai ba likita ba ce, kuma ban san kowane mai haɗa waya ba. In Allah ya kawo ruwa baɗi ya zubo maka a tsakar gida, kar ka neme ni. Ka gode, mutanen Hawandawaki shi suke roƙo.