Yadda Za Ka Musanta Cewa Kai Ka Kawo Koriyar Ciyawa Gonar Surukarka

To, ga halin da kake ciki. Ka dawo daga kamun kifi a tsibirin Pemba da ke can arewa, ka ƙi kankare angar kwalekwalenka, ƙarfen da kake jefawa cikin ruwa don tsai da shi, ka shanya ta a rana kamar yadda kowa yake yi a garinku Jambiani, saboda ana wasan ƙwallo. Yanzu wata baƙuwar koriyar ciyawa da ta maƙalo a jikin angar ta nannaɗe igiyoyin mwani na surukarka Bi Mtumwa, ciyawar tekun da take nomawa tana ciyar da gidan, har da kai. Ta rantse duk wanda ya kawo ta ba zai ƙara sa hannu a tukunyarta ba. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka ci shinkafar pilau ranar Juma'a.

1. Riga kowa ɓacin rai

Da ruwa ya janye, je bakin teku ka riƙe ƙugu. Ka ce: "Mama, wane marar tsoron Allah ne ya yi miki wannan?" Girgiza kai sosai. Mai laifi ba ya girgiza kai, kowa ya san haka.

2. Zama masani

Koriyar ciyawa iri-iri ce: akwai mai faɗi kamar latas, akwai mai ƙwayoyi kamar inabi, akwai mai kama da gashin tsuntsu. Taka mai gashin tsuntsun ce, don haka kada ka taɓa ambatonta. Tsinko mai latas, shinshina, ka ce: "Wannan ai 'yar gida ce, tun zamanin kakanni." Idan Bi Mtumwa ta ce, "Ɗana, ba ita nake nufi ba," yi tari.

3. Ɗora wa iska

Iskar kudu ba ta da dangi a garin, ba mai tare mata faɗa. Idan an ce ai ciyawar daga arewa ta zo, ka ce iskar bana ta rikice.

4. Taimaki mai bincike

Za a turo Dokta Shemsa daga birni ta bi sawun ciyawar. Ɗauke ta a kwalekwalenka kyauta, ka kai ta can nesa. Sai dai ka tuna duk inda ka jefa anga ka yi shuka. Wannan ba a cika tuna shi da wuri ba.

5. Kada ka je taron gari

Idan ka je, za ka ji Dokta tana cewa: "Abin mamaki, wuri uku ta fara fitowa. Inda ake ɗaure kwalekwale kusa da gonar Mama, da gaban mai sayar da gahawa, da wani ɗan tsibiri mai inuwa inda babu kifi ko ɗaya."

Za ka ji matarka Zuhura ta ce: "Tsibiri mai inuwa? Ba can kake cewa kana shan wahala ba?"

Bi Mtumwa ba za ta ɗaga murya ba. Buhu kawai za ta miƙo maka, ta ce: "Masani, tunda ka san 'yar gida, gobe sai ka zo ka cire mana baƙuwar. Zo da zani, wando yana jiƙewa."

Hattara: marubucin nan ba shi da alhakin ciwon baya, dariyar matan gari, ko tukunyar da aka kife ranar Juma'a. Mai ƙorafi ya kai wa iskar kudu.