Ranar Da Na Shanya Hotunan Kawu

Shekara ashirin ina gyaran rediyo a Gaya, wai 'yar tsohuwar kyamara kamar kwalin ashana ce za ta gagare ni? Kawu Sale ne ya kawo ta daga Toranke. Ya ce abin da ke murza fim gaba ya cije, kuma hotunan bikin autarsa na ciki.

Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, ai ƙanwar kaset ce."

Na ɓalle murfin da rana tsaka, na zaro fim ɗin kaf, na ɗaga shi sama ina leƙe. Na ce, "Ka gani? Ko mutum ɗaya babu a jiki!" Na naɗe shi da biro, na ɗiga man keken ɗinki, abu ya juya sumul.

Mai wankin hoto a Kano ya ce hasken rana ya cinye hotunan duka. To wa ya gaya mini? Wane mara tunani ne zai ƙera abin da ke tsoron rana, ya turo shi Gaya?

Har yau in na shiga gidan biki aka ɗaga waya za a ɗauki hoto, sai Kawu ya ce, "Ku ɗauka da sauri, ga Mai Shanya nan!"