Gaisuwar Yarbawa a Hannuna

Da aka ba ɗiyata Hauwa gaisuwar Yarbawa don ranar al'adu a makarantarsu, ban tambayi kowa ba. Ai na sha ganin yaron maƙwabciyarmu a Gwadangaji yana gaida uwarsa. Na koya wa Hauwa har ta gwanance, ina hango mu da kyautar na ɗaya.

Ranar, Hauwa ta sha gwaggwaro, ta je gaban shugabar makaranta, Bayarabiya, ta miƙe rub da ciki. Gwaggwaron ya gangara ƙarƙashin tebur. Matar ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Maman Hauwa, ai maza ke kwanciya, mata durƙusawa suke."

Har yau in na kai wa maigida tuwo, sai ya gyara zama ya ce, "Malama, in kwanta ko in durƙusa?"