A Takarda, Motata Ba Ta Yoyo

Ranar da aka zo mini da labarin rasuwar maigidana, ina tsugune a tsakar gida ina wanke rigarsa. Maƙwabciyata ce ta shigo, wadda duk unguwa ke kira Rediyo saboda labari bai taɓa kwana a cikinta ba. Ran nan sai ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa magana. Da na ga Rediyo ta yi shiru, na san ba lafiya.

A layin mai ya cika. Kwana biyu yana cikin motarsa, ya taso daga na ɗari da wani abu har ya kai na goma sha ɗaya. Layi ya motsa, shi bai motsa ba. Na baya suka yi ta danna masa oda, wani har ya fito zai zage shi, sai ya tarar da shi a jingine, hula a kan fuska, kamar mai gyangyaɗi. Allah ya jiƙansa. Mutum ne da bai taɓa tsallake layi ba, har ya tafi bai tsallake ba. Direbobin nan suka ce wallahi sai an ba shi haƙƙinsa. Suka tura motar gaban famfo aka cika tanki, sannan suka turo ta har ƙofar gidana. Ina miƙa godiya ga manyanmu, iyayen tafiya, da suka yi alkawarin layin mai zai zama tarihi. A wurin maigidana dai ya zama.

Motar, Ba-Gaggawa yake ce mata. Ta girmi ɗiyata ta fari. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, gilashin gefen direba kuma sai an lallashe shi da tafin hannu yake hawa. Wata huɗu tana tsaye inda aka ajiye ta. Ban iya tuƙi ba, amma kullum da safe nakan buɗe ta in zauna a kujerarsa, don har yanzu tana ƙanshin turarensa da baƙin mai.

Kwatsam wata safiya na tarar an liƙa mata jar takarda a goshi. Ni aji huɗu na tsaya, amma ina haɗa baƙi. Wani Kwamitin Gyaran Fuskar Tituna ne ke sanar da ni cewa Mai Girma Babban Baƙo zai bi ta layinmu zuwa buɗe masana'antar filtar mota, don haka duk motar da ba ta motsa da ƙafarta cikin kwana bakwai ba, janwe, motar jan motoci, zai ɗauke ta.

Na ce, “Rediyo, ba bara aka buɗe masana'antar nan ba?”

Ta ce, “Bara harsashi aka buɗe. Bara waccan allon suna aka buɗe. Bana ƙofa za a buɗe.”

“To filtar fa?”

“Ke ma dai da gaggawa kike, Yaya. Komai sai an bi shi daki-daki.”

Na aika aka kira bakaniken maigidana, wanda muke ce wa Likita domin sai ya kara kunne a jikin inji kafin ya taɓa shi. Ya ɗaga bonet, ya zaro tsinken awon mai, ya dube shi, ya dube ni.

“Matar Yaya, wannan ba mai ba ne, kwalta ce. Batir zan yi masa caji, mai zan juye. Amma filta ta toshe. Kika tada ta a haka, injin ya buga, sai dai masu sayen ƙarfe.”

Filta, ga waɗanda ba su sani ba kamar yadda ni ma ban sani ba, wani ɗan gwangwani ne da ake murɗawa a jikin inji, shi ke tace dattin baƙin mai kamar rariya. Tsohuwar ta ƙi fita, sai da Likita ya huda ta da sukudireba ya murɗo ta. Ta fito a lotse, tsatsa ta cinye lambar da ke jikinta kaf. Ya naɗe ta a jarida ya ce in kai wa mai shagon kayan mota ya ba ni irinta.

Mai shagon nan Akwai ake ce masa. Ko fiffiken jirgin sama ka tambaye shi, kafin ka rufe baki ya ce, “Akwai!” Ya kalli abin da na kawo da wutsiyar ido, ya ce, “Akwai!” ya miƙo mini wata shuɗiya mai sheƙi. Na kawo wa Likita ina murna, har na ce ta dace da launin motar.

Likita ya ce, “Matar Yaya, ba atamfa kike saye ba. Abu huɗu ake dubawa. Haƙoran da ake murɗa ta su dace da na injin. Zoben robar bakinta ya zauna daidai inda ya kamata, ba ciki ba, ba waje ba. Tsawonta kar ya sa ta tokari wani ƙarfe. Sannan akwai wata 'yar ƙofa a cikinta mai hana mai gangarewa idan an kashe inji. Wannan da kika kawo, ko gaisawa da injin ba ta yi ba.”

Na koma. Akwai ya sosa ƙeya ya ce ai tun da aka hana shigo da filta daga waje, don a ba masana'antarmu dama ta numfasa, ana bin jerin lambobin da hukuma ta amince da su ne. In ɗauki takardun motar in je ofis su faɗa mini tawa.

Kwana biyu na yi ina zuwa ofishin nan. Ranar farko Ranka-ya-daɗe Mai Hatimi yana taro kan yadda za a rage yawan taro. Rana ta biyu na same shi, ga fanka biyu a kansa, ɗaya na juyawa ɗaya na kallo. Ya karɓi takardun, ya lashi yatsa, ya bi wani dogon jeri, ya rubuta mini lamba, ya buga hatimi uku. Na ce na gode. Ya ce kar in gode masa, in gode wa Mai Girma, wanda ba ya runtsawa saboda injinan talakawa.

Wannan karon Akwai ya ce “Akwai!” kuma da gaske akwai. Likita ya murɗa ta, ta shiga. Ya ce bai gamsu da zaman robar ba. Na ce, “Haba Likita, hatimi uku fa!” Ya zuba sabon mai, ya murɗa makulli. Ba-Gaggawa ta yi tari sau biyu ta kama. Na ji muryar nan da na yi wata huɗu ban ji ba, idona ya kawo ruwa. Kafin ruwan ya sauko, sai mai ya yi tsartuwa daga ƙarƙashin bonet kamar an yanke jijiya, ya wanke fuskar Likita, ya haye katanga, ya sauka a kan fararen zannuwan gado da Rediyo ta shanya.

Likita ya kashe ta da sauri. Rediyo ta leƙo tana salati. Shi kuwa ya goge ido, ya sake leƙa injin, ya kankare wani wuri da farce.

“Af! Ai na manta. Wannan injin ba nata ba ne. Kin tuna shekarar da kika haifi auta, da Yaya ya kawo wani inji a amalanke? Na wata mota ne daban. Ni na ɗora shi da hannuna. Amma filta shi yake sayo abarsa, ban taɓa tambayarsa lamba ba.”

Na koma ofis da zanin Rediyo a leda don shaida. Na ce, “Ranka ya daɗe, filtarku ta yi yoyo.”

Ya duba takarda. “Ba ta yi ba.”

“Ga zani.”

“Baiwar Allah, ni da takarda nake aiki, ba da zani ba. A takarda, wannan filta ta dace da wannan mota. Saboda haka a takarda motarki ba ta yoyo.”

Na ce an canja injin ne. Ya ce to sai in mayar da na asali. Na ce wanda ya san inda yake ya rasu. Ya ce to ya zo da kansa ya yi bayani a rubuce. Da na tsaya ina kallonsa, sai ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya ƙara wa takardata hatimi na huɗu don ta'aziyya.

Ran kwana shida na zauna a ɗaki na rasa abin da ke mini daɗi. Gobe janwe zai zo. Ni idan abu ya dame ni ɗinki nake yi, sai na jawo rigar nan tasa da nake wankewa ranar, wadda maɓallinta ɗaya ya fita tun yana raye ina ta cewa gobe. Na miƙa hannu saman kantar ɗakina na ɗauko kwalin maɓallaina.

Bari in ba ku labarin kwalin nan. Duk lokacin da maigidana ya yi juyen mai, zai shigo gida hannu a baya yana murmushi, ya ce, “Uwar gida, ga tsarabarki.” Sai ya miƙo mini kwalin filta, fanko. Ni kuma in ce, “Mazan mutane na kawo turmin zani, nawa kwali yake kawowa.” Ya ce, “Ajiye dai, kwali ne mai ƙwari.” Shekara goma sha biyar muna wannan wasan. Akwai na maɓallai, na allurai, na ashana, na maganin jikoki, na makullan da ba mu san ƙofarsu ba. Kanta ta cika.

Na zauna da kwalin a cinya na yi kukana mai isata. Da na share ido sai na ga lamba a gefensa, manya-manyan baƙaƙe, shekara da shekaru ina kallonta ban gan ta ba. Na sauko da na allurai: ita ce. Na ashana: ita ce.

Ko takalmi ban daidaita ba na isa shagon, kwali na ƙara a hannuna kamar caki. Akwai ya karanta lambar, ya buɗe baki, ya rufe. A karon farko tun da aka haife shi ya ce, “Babu.” Mutanen shagon gefe har suka leƙo su ga wanda ya yi magana.

Na ce ba inda za ni. Ya yi tsaki ya jawo wani littafi mai kauri da yake tokare ƙofa da shi, wanda ke nuna wace filta ce 'yar'uwar wace. Ya bi da yatsa, ya juya shafi, ya koma baya. Ashe lambar maigidana tana da 'yan'uwa uku. Biyu an hana su shigowa. Ta ukun ta injin ban ruwa ce, ta masu lambu, kuma da yake manyanmu ba su san masu lambu na amfani da filta ba, sun manta ba su hana ta ba.

“Akwai!” in ji shi, ransa ya dawo.

Likita bai yarda da littafi ba, bai yarda da hatimi ba. Ya kifa sabuwar a kan tsohuwar baki da baki, zoben roba ya hau zoben roba. Ya gwada tsawo da ɗan yatsa. Ya leƙa ciki ya ga 'yar ƙofar nan. Ya shafa wa robar mai, ya murɗa da hannu kawai, ta tafi sumul ba gardama. Rediyo ta kwashe shanyarta tukuna, sannan ya tada. Muka shimfiɗa jarida a ƙarƙashi muka tsugunna mu uku muna kallo kamar masu jiran kaza ta yi ƙwai. Ko ɗigo.

Da yammacin nan ya koya mini abu uku: kuloci, giya ta ɗaya, da birki. Ribas ya ce in na ga dama.

Washegari janwe ya iso da hantsi, da wani jami'i mai riƙe da allo. Na shiga, na yi bisimilla, na murɗa. Ba-Gaggawa ta yi tsalle kamar akuya, ta tafi taku uku, ta tsaya cak da hancinta a jikin kwandon sharar Rediyo.

Jami'in ya ce, “Wannan ai ba tafiya ba ce.”

Rediyo ta ce, “Takardarku motsi ta ce, ɗana. Karanta. Mu ma nan da takarda muke aiki.”

Ya karanta, ya yi ƙwafa, ya ce wa direban janwe su tafi. Direba ya murɗa makulli, janwe ya yi gurnani ya mutu. Likita ya kara kunne, ya ce filtarsa ce ta toshe. Yau wata uku ke nan yana tsaye a ƙofar gidana, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Na ɓamɓare jar takardar daga goshin motata na liƙa a nasa, har yanzu ba wanda ya zo ɗaukarsa. Mai Girma kuwa bai bi ta layinmu ba, ta sama ya wuce. An ce an yanke ƙyalle, an yi tafi, an nuna filta goma sha biyu a kan tebur. Akwai ya rantse mini ya gane su, har da shuɗiyar nan da na mayar masa.

Sabon kwalin na ɗora shi a kanta kusa da 'yan'uwansa. Tabaran maigidana na sa a ciki.

Yanzu kullum da safe nakan zaro tsinken awon mai in goge da tsummansa, in duba ƙasa ko akwai ɗigo, in shiga in tada ta. Taku uku gaba, taku uku baya, don na koyi ribas. Allurar mai tana sauka a hankali, man da ya yi kwana biyu yana jira ne nake ƙonawa kaɗan-kaɗan. Ranar da ya ƙare zan je gidan man nan in ce musu na goma sha ɗaya ya aiko ni. Kafin nan, idan na kashe ta nakan ɗan zauna, in lallashi gilashin da tafin hannu har ya hau, sannan in fito in ɗora ruwan zafi.